Sharhi kan Blender da darussan Blender Studio ga mai son zane mai motsi ya zama sana'arsa

Duk wanda ya ƙuduri niyyar mayar da zane mai motsi sana'arsa, tambayar da take fara tsaya masa a rai ita ce inda zai koya. Akwai kwaleji ko jami'a mai shekara uku zuwa huɗu, akwai makarantun intanet da ƙwararru daga manyan kamfanonin fim suke koyarwa, sannan akwai mutum ya zauna gaban kwamfutarsa ya koyar da kansa. Wannan sharhi ya shafi hanya ta ukun ne, musamman manhajar Blender, wadda ake yin zane mai motsi da ita a kwamfuta, da darussan da sashenta na shirya fina-finai, wato Blender Studio, yake bai wa masu biyan kuɗin wata-wata. Na daɗe ina aiki da manhajar, na kuma bi darussan, kuma ra'ayina shi ne babu wurin da ya fi nan dacewa mutum ya fara, domin zai gane ko yana da haƙurin wannan aiki tun kafin ya ɗaura wa kansa bashin makaranta. Amma akwai abu guda da wannan hanya ba ta bayarwa, wato idon malami mai duba aiki, kuma a ganina shi ne abin da ya cancanci a biya kuɗi dominsa.

Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan, shi ne ya fara rubuta Blender a 1994 domin amfanin kamfaninsa. Lokacin da kamfanin da ya kafa daga baya don yaɗa manhajar ya durƙushe a 2002, masu amfani da ita suka haɗa Yuro 100,000 cikin makonni bakwai aka fanshe ta daga hannun masu zuba jari, kuma a ranar 13 ga Oktoba, 2002 aka sake ta ga kowa ƙarƙashin lasisin GPL. Ma'anar wannan ga ɗalibi ita ce manhajar da ya sauke cikakkiya ce, irin wadda ƙwararru suke aiki da ita, ba a rage mata komai ba, ba ta buga tambari a kan hotonsa, ba ta daina aiki bayan wata ɗaya, kuma duk abin da ya yi da ita mallakinsa ne, yana iya sayarwa. Tana aiki a kan Windows da macOS da Linux.

Wahalar farko da sabon shiga yake cin karo da ita ita ce yawan abin da manhajar ta ƙunsa. A cikinta ake sassaƙa siffar jarumi, a cikinta ake sa masa kwarangwal ɗin da za a riƙa juya shi da shi, a cikinta ake shafa launi, a kunna fitilu, a ƙirƙiri hayaƙi da ruwa, a yanka bidiyo, har a yi zanen hannu da sashen da ake kira Grease Pencil. A manyan kamfanoni kowanne daga cikin waɗannan sana'a ce mai zaman kanta, da mutanenta da shugabanta. Mai sassaƙa siffa daban, mai haɗa kwarangwal daban, mai haske daban, shi kuma mai motsa jarumi aikinsa kawai ya sa siffar da wasu suka gina ta yi tafiya, ta yi tunani, ta yi fushi. Manhajar ba ta gaya wa ɗalibi wannan rabon aiki, saboda haka mutane da yawa sukan shafe watanni suna ɗan taɓa nan su ɗan taɓa can, su iya abubuwa goma sama-sama, amma ba su da guda ɗaya da za a ɗauke su aiki a kansa. Wanda burinsa motsi ne ya kamata tun farko ya haƙura da sassaƙa nasa jarumin, ya ɗauki wanda aka riga aka haɗa. A nan Blender Studio ya yi abin yabo, domin yana bayar da jarumai da aka gama haɗa musu kwarangwal, irin su Rain da Snow, waɗanda lasisinsu ya yarda a yi amfani da su a bidiyon neman aiki muddin an ambaci masu su.

Darussan tushen motsi, waɗanda ma'aikatan Blender Studio ɗin da kansu suka naɗa, suna bin tsarin da kusan kowace makarantar kirki take bi, wato a fara da ƙwallo mai tsalle. Mutane da yawa suna raina wannan darasi, alhali kusan rabin sana'ar yana cikinsa. Fim yana gudana ne da hoto 24 a kowane sakan ɗaya, don haka tsallen ƙwallo na sakan biyu hotuna 48 ne, kuma aikin ɗalibi shi ne ya yanke shawarar inda ƙwallon za ta kasance a kowannensu. A ƙololuwar tsalle hotunan suna matsowa kusa da juna saboda gudun ƙwallon ya ragu, idan kuma ta nufo ƙasa tazarar da ke tsakaninsu tana ta ƙaruwa har ta bugi ƙasa. Idan aka bar manhajar ta cike tsakani da kanta, za ta sassauta gudun ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa, sai a ga kamar a cikin ruwa take shawagi. Gyaran yana cikin allon da ke nuna motsi da lanƙwasassun layuka: dole ne ɗalibi ya kama layin a daidai wurin da ƙwallon ta bugi ƙasa, ya karya santsinsa ya mayar da shi mai tsini, sannan ne za a ji ƙwallon tana da nauyi. Ranar da mutum ya ga ƙwallon roba da ƙwallon ƙarfe sun bambanta a allonsa ba tare da ya sauya launinsu ko girmansu ba, sai ta hanyar lokaci da tazara kaɗai, ranar ce ya fara fahimtar abin da ake biyan mai motsa zane dominsa. Darussan sun bayyana wannan dalla-dalla, ba gaggawa, kuma malaman suna nuna hannunsu a kan aiki, har da wuraren da suke komawa baya su sake gyarawa, abin da na fi daraja shi a kan darasin da aka tace aka cire duk wani tuntuɓe.

Daga nan ake zuwa igiya mai lilo, da jela mai bin jiki, da tsalle, da tafiya. Tafiyar mutum ta yau da kullum takan ɗauki kimanin hoto 12 a kowane taku, kuma kowane taku yana da matakai huɗu: dunduniya ta taɓa ƙasa, jiki ya ɗan nutse saboda nauyi, ƙafar baya ta wuce ta gaba, sannan jiki ya ɗago. Ƙugu yana juyawa gefe guda, kafaɗu suna juyawa ɗaya gefen. Waɗannan ƙa'idoji sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Masu zanen kamfanin Disney ne suka tattara su tun shekarun 1930, kuma biyu daga cikinsu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka rubuta su a matsayin ƙa'idoji 12 a littafinsu na 1981. Abin da ɗalibi zai ji a darussan Blender Studio game da matsewa da miƙewar jiki, ko haramar da jiki yake yi kafin ya motsa, shi ne abin da zai ji a makaranta mafi tsada a duniya.

Abin da ya fi komai daraja a wannan rajista, a ganina, ya ma wuce darussan. Tun daga 2006, lokacin da suka fitar da Elephants Dream, mutanen Blender a birnin Amsterdam suke shirya gajerun fina-finai, irin su Big Buck Bunny a 2008 da Spring a 2019 da Sprite Fright a 2021, kuma suna sakin fayilolin aikin ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Ke nan ɗalibi yana iya buɗe ainihin fayil ɗin wata fitowa ta fim, ya ja lokaci gaba da baya hoto bayan hoto, ya juya kyamara ya kalli jarumin ta gefen da mai kallo bai taɓa gani ba. A nan mutum zai lura da abubuwan da ba a cika faɗa a darasi ba. Zai ga ido yana riga kai juyawa da 'yan hotuna kaɗan, zai ga ƙiftawar ido an ajiye ta a tsakiyar juyawar kai, zai ga wani lokaci an murɗe hannun jarumi yadda ba zai yiwu ga ɗan Adam ba, don kawai siffar ta fito sarai ta inda kyamara take kallo. Haka kuma ana wallafa rahotannin yadda aiki yake tafiya, inda ake ganin fitowa guda tun tana zanen tsarin labari, zuwa lokacin da jarumi yake tsalle daga wata tsayuwa zuwa wata babu santsi, har zuwa gamawa. Manyan kamfanoni suna kulle irin waɗannan fayiloli da yarjejeniyar sirri, har ma'aikacin da ya yi aikin ba ya iya fita da su. Samun su a buɗe, a kan kuɗin wata-wata da bai kai ko kusa da kuɗin makaranta ba, shi kaɗai ya isa dalilin yin rajista, ko da na 'yan watanni ne.

Sai dai duk wannan kallo ne da kwaikwayo. Tsarin bai ƙunshi malamin da zai ba ɗalibi aikin gida, ya sa masa wa'adi, ya karɓa ya duba ba, kuma ba a bayar da takardar shaida. Wannan ba aibi ba ne a wurin masu shi, tunda ba su ce makaranta suka buɗe ba, amma wajibi ne mai shiga ya san hakan. Matsalar ita ce idan mutum ya kalli sakan biyar na aikinsa sau ɗari, idonsa yakan saba da kurakuran har ya daina ganinsu. Ƙafar jarumi tana zamewa a ƙasa, ko gwiwa tana fizga a hoto ɗaya, ko jarumin ya ɗaga akwati mai nauyi amma bayansa bai nuna ya ji nauyin ba, mai aikin ba zai lura ba, alhali da a aikin wani ya gani da nan take zai nuna. Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani, kuma a wannan sana'a maganar ta zauna daram. Ƙwararren da ya shekara goma yana wannan aiki zai kalli fitowar sau biyu ya ce ƙugu ya makara da hoto uku, ko kuma ya ce motsin ya yi kyau amma jarumin ba ya tunanin komai, idanunsa a mace suke. Irin wannan magana guda ɗaya tana iya rage wa ɗalibi watanni na lalube. Akwai dandalin masu amfani da Blender inda ake saka aiki a nemi ra'ayi, kuma akan dace da mutanen kirki, amma yawancin masu amsawa ɗalibai ne irin mai tambayar, yabonsu ya fi gyaransu yawa, kuma babu wanda ya ɗauki alhakin bin ci gaban mutum daga wannan mako zuwa na gaba.

Idan aka duba makarantun da suka yi suna, za a ga wannan giɓin ne suke cikewa. Animation Mentor, wadda Bobby Beck da Shawn Kelly da Carlos Baena suka buɗe a 2005 bayan sun yi aiki a kamfanonin Pixar da ILM, ta gina tsarinta a kan azuzuwa shida na makonni 12 kowanne, inda ɗalibi yake miƙa aiki duk mako, malamin da ke cikin sana'ar ya naɗo masa gyara a kan aikin nasa. Makarantar Gobelins da ke Paris, wadda sashenta na zane mai motsi ya fara a 1975, ta shahara da sa ɗalibai su shirya fim ɗin kammala karatu a ƙungiya, inda kowa zai koyi karɓar gyara daga abokan aiki da sakin ra'ayinsa idan bai yi wa fim ɗin amfani ba. CalArts da ke Kaliforniya, wadda ita ma ta buɗe sashen motsa jarumai a 1975 kuma ta yaye mutane irin su John Lasseter da Brad Bird, tana sa kowane ɗalibi ya kammala gajeren fim duk shekara, kuma tana tantance masu neman shiga ne da zanen hannu na abin da suka gani da idonsu. Kwalejin Sheridan da ke Ontario a Kanada ita ma tana ba zanen jikin ɗan Adam muhimmanci sosai. Babu ɗaya daga cikinsu da take da wani sirrin ƙwallo mai tsalle da babu shi a darussan Blender Studio. Abin da suke sayarwa shi ne gyara a kai a kai, da wa'adin da ba ya ɗaga ƙafa, da abokan karatu waɗanda gobe su ne za su ambaci sunan mutum idan an buɗe gurbin aiki.

Masu goyon bayan koyar da kai sukan kafa hujja da fim ɗin Flow na Gints Zilbalodis, ɗan ƙasar Latbiya, wanda aka yi shi da Blender kuma ya lashe kyautar Oscar ta fim ɗin zane mai motsi a watan Maris na 2025. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ta rufe bakin masu cewa manhajar kyauta ta masu wasa ce. Amma ya kamata a faɗi sauran labarin: fim ɗin haɗin gwiwa ne tsakanin Latbiya da Faransa da Beljiyam, kuma ƙwararrun masu motsa jarumai ne a ƙungiya suka yi aikin motsin dabbobin da ke cikinsa. Abin da ya tabbatar shi ne manhajar ta kai, sauran kuma ya rage ga hannun da ke riƙe da ita da idanun da ke duba aikin.

Tambayar da ta fi damun masu farawa ita ce ko koyon Blender zai hana su samun aiki a kamfanonin da ke amfani da manhajar Maya. Gaskiya ne Maya, ta kamfanin Autodesk, ita ce aka fi ambata a tallan neman masu motsa jarumai a manyan kamfanonin fim da na wasannin kwamfuta, kamar yadda manhajar Toon Boom Harmony ta mamaye zanen hannu na shirye-shiryen talabijin. Amma Pixar tana da manhajarta ta cikin gida mai suna Presto, DreamWorks tana da Premo, kuma babu wanda ya iya su kafin a ɗauke shi aiki, a can ake koya masa. Abin da masu ɗaukar aiki suke kallo shi ne gajeren bidiyon nuna gwaninta, na minti ɗaya ko biyu, kuma a cikinsa nauyi da lokaci da wasan jarumi suke nema. Wanda ya iya karanta lanƙwasassun layukan motsi a Blender zai iya karanta su a Maya cikin 'yan makonni, tunda tunanin ɗaya ne, maɓallan ne suka bambanta. Duk da haka, ina ganin hikima ce wanda ya nufi manyan kamfanoni ya koyi Maya kafin ya fara aika takardun neman aiki, kuma Autodesk tana bai wa ɗaliban makarantun da ta amince da su lasisin karatu kyauta.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ya kamata a sani. Manhajar tana sauyawa da sauri, har wani lokaci darasin da aka naɗa da tsohon zubi yakan nuna maɓallin da ya riga ya koma wani wuri. Misali, zubi na 4.0 da ya fito a Nuwamba 2023 ya sauya yadda ake tsara ƙasusuwan kwarangwal rukuni-rukuni, don haka abin da ɗalibi yake gani a tsohon bidiyo ba zai yi daidai da allonsa ba. Maganin wannan shi ne a tsaya a kan zubin da aka yi wa alamar LTS, wanda ake kula da shi shekara biyu, a daina bin kowane sabon fitowa. Darussan da Ingilishi suke, wanda kuma bai saba da saurin maganar ba zai sha tsayar da bidiyo. Game da na'ura, koyon motsi ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada kamar yadda ake zato, domin fitar da hoton ƙarshe mai haske da inuwa ne yake cin ƙarfi, shi kuwa mai koyon motsi ɗanyen hoto mai launin toka ya ishe shi ya duba aikinsa. Linzamin kwamfuta mai maɓalli uku kuwa dole ne. Ga mai son zanen hannu zalla, Grease Pencil ya yi kyau ƙwarai tun zubi na 2.80 na 2019, amma babu manhajar da za ta koya wa hannu zane. Wannan sai da takarda da fensir da kallon mutane suna zaune suna tashi.

Shawarata ga mai tsaye a mararrabar nan ita ce ya ba wannan hanya watanni da dama kafin ya biya wa kowace makaranta ko sisi. Ya yi ƙwallo, ya yi tafiya, ya yi jarumi yana ɗaga abu mai nauyi, ya gwada gajeriyar magana da daidaita motsin baki da murya. A manyan fina-finai ƙwararren mai motsa jarumi 'yan sakanni kaɗan yake kammalawa a mako guda, kuma wanda ya ga ransa yana ƙuntata da maimaita sakan uku har kwana da kwanaki ya gano gaskiya mai amfani a farashi mai sauƙi, wataƙila ma ya gano cewa haske ko sassaƙa siffa ko tsara labari ne ya fi jan hankalinsa. Wanda kuwa ya ga yana jin daɗin wannan maimaici, aikinsa kuma ya kai inda ya san akwai matsala amma ya kasa gano ta, lokacinsa ya yi na neman malami. Idan burinsa motsa jarumai ne kaɗai kuma yana da wani aiki ko iyali, makarantar intanet mai gyaran mako-mako ta fi dacewa da shi. Idan yana son ya zama mai ba da umarni, ko yana tunanin aiki a wata ƙasa inda takardar digiri take sauƙaƙa samun izinin aiki, kwaleji tana da nata amfanin da ba za a raina ba. Sai dai a auna bashin da kyau, domin yawancin ayyukan wannan fanni na kwantiragi ne, suna ƙarewa idan fim ya ƙare, kuma ko Pixar ta sallami kimanin kashi 14 cikin ɗari na ma'aikatanta a watan Mayu na 2024.

Wanda ya riga ya sha gwagwarmaya da Blender zai je wa makaranta da tambayoyin da sabon shiga ba zai san ya yi ba. Zai tambayi wane ne zai duba aikinsa, a wane fim ko wasa malamin ya yi aiki kuma yaushe, ɗalibai nawa ne a hannunsa, sau nawa ake gyara a mako, kuma ko gyaran a kan hoton ake zana shi ko kuwa maki kawai ake rubutawa. Zai kuma nemi a nuna masa bidiyon ɗaliban aji guda gaba ɗayansu, har da na tsakiya da na baya, maimakon mutum biyu ko uku da ake sakawa a talla. Makarantar da tsarin karatunta ya ƙare a koyar da maɓallai da jerin umarnin kwamfuta ba ta da abin da za ta ƙara wa irin wannan ɗalibi, domin ya riga ya same shi kyauta.